Kwabon da Ke Rataye a Ƙofar Yaya

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya riga mu ranar Talata, jim kaɗan bayan sallar Asuba, a gidansa na Rumuokoro a Fatakwal. Allah Ya sa ya huta.

Ina Inugu aka kira ni a waya. Kafin motar da na shiga ta wuce Aba an sake kirana sau uku, kuma tambayar kowa ɗaya ce: ka kawo ina? Abin ya ɗaure mini kai. Mu ba ma jiran kowa da gawa. Na ga an rufe manyan mutane alhali 'ya'yan cikinsu suna kan hanya. Balle ni, da duk Hausawan kudu, daga unguwar Asata ta Inugu har Anaca, suka san cewa shekara hamsin da ɗoriya babu abin da ke haɗa ni da Yaya sai gaisuwa. Na taho ban san ko ya tafi yana riƙe da ni a zuci ba, kuma wannan ne ya fi hanyar nisa.

Na isa gab da Azahar. An kafa rumfa har bakin kwalta. Mahautan mayankar Trans-Amadi sun zo da takalmansu na roba, ko gida ba su koma ba. Fataken Anaca sun riga ni isowa. A gefe guda wani tsoho ɗan ƙabilar Ikwere yana zaune a kan benci, hularsa a kan gwiwa, yana kuka ba ya ɓoyewa, yana ta maimaita cewa, "Oga don go o." Wato maigida ya tafi. Matan unguwa 'yan Ibo suna shiga cikin gida suna cewa "ndo, ndo," sannunsu ta makoki ke nan. Amma a cikin rumfar ba addu'a kaɗai ake yi ba, har da gunaguni.

"Tun hantsi aka gama haƙa," in ji wani mahauci. "Ƙasar garin nan ba ta jira. Ruwa ya fara tsattsafowa a kabarin."

"Wai wa ake jira ne?"

"Ga shi nan ya iso."

"Wannan? Mai shagon Asata?"

"Yi a hankali, yana jin ka."

"Ai don ya ji na faɗa."

Liman ya taso ya kama hannuna. Ya ce, "Alhaji, wasiyya ce ta tsayar da mu." Ya ja ni zuwa ƙofar ɗakin Yaya. Ƙofar ba a kulle take ba, labule ne kawai. A jikin ƙyauren akwai ƙusa guda, babu komai a kanta. Mutum fiye da goma suna tsaye a wurin, har da masu wankan gawa na unguwa da kayansu, amma babu wanda ya ɗaga labulen.

Babbar 'yar Yaya, wadda ta gaje shi a aikin kwamfuta, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta buɗe hannunta. Tsohon kwabo ne mai huji, irin na zamanin Turawa, an zura masa igiya.

Ta ce, "Baba Ƙarami, ranar da ciwon ya kwantar da shi ya cire wannan da hannunsa. Shekaranjiya ya ba ni. Ya ce in ya cika, bayan mun rufe masa ido mu fito, kada kowa ya sake shiga. Ya ce in danƙa maka, kai za ka wanke shi."

Na karɓa na jefa a aljihu. Na shiga, liman yana zuba mini ruwa, na wanke ɗan'uwana. Ya rame, amma fuskarsa na nan yadda na san ta, kamar mai sauraron lissafi. Muka sallace shi bayan Azahar, aka kwashe ruwan kabarin da kwano, muka rufe shi.

Wanda bai san gidan ba zai ce wace irin ƙusa ce ke tsayar da liman. Don haka nake rubuta wannan. Jikokinsa sun taso sun tarar da kwabo a ƙusa, ba su san daga ina ya fito ba, ni kuwa na sani, domin daga wurina ya fito.

Yaya ɗan yayan mahaifina ne, ya girme ni da shekara huɗu. A Asata aka haife mu duka biyun, muna jin Ibo kafin mu iya karanta Fatiha. Da ƙasa ta rikice muka gudu Kano, muka zauna can har aka gama yaƙi. Da hanya ta buɗu, kowa ya fara tunanin komawa. Baffanmu, ƙanin iyayenmu, yana da shago a Asata mai ɗaki ɗaya a bayansa, kusa da hanyar kasuwar Ogbete. Labari ya zo cewa rufinsa na nan, wani maƙwabci ɗan Ibo ya tsare shi. Baffa ya tsufa, ba shi da ɗa namiji, ya ce shi ba zai koma ba.

Wata safiya Yaya ya je ya gaishe shi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baffa, shagon Asata akwai kowa?" Baffa ya ce, "Babu kowa." Yaya ya yi godiya ya tashi. Bai ce yana so ba. A wurinmu yaro ba ya buɗe baki ya ce wa babba ba ni. Ya tambaya, an amsa, a ganinsa magana ta ƙare. Ya tafi Zariya ɗauko matarsa da ke wurin iyayenta, cikinta ya tsufa.

A ranar, bayan La'asar, ni ma na je. Na yi gaisuwata, na ce, "Baffa, shagon Asata akwai kowa?" Ya ce, "Babu kowa." Kuma gaskiya ya faɗa, babu kowa. Ni ma na yi godiya na tashi. Nawa iyalin suna kusa, sai na riga shi shiga mota da kwana biyu.

Ina jera kaya a kanta, ana ruwa, sai ga ɗan dako ya sauke akwati da tabarma a bakin ƙofa. Yaya ne, matarsa a bayansa ta dafa ƙugu. Ya dubi kantar, ya dubi matata da ke goye da jariri a ƙofar ɗaki.

Na ce, "Baffa ya ce mini babu kowa."

Ya ce, "Ni ma haka ya ce mini."

Ɗakin ɗaya ne. Ni ne ƙarami. Matata ta haihu lafiya, tasa tana kan gaɓa. Duk wanda ya san ya-kamata ya san abin da ya dace in yi. Na tsaya ina gyara gwangwanin madara a kan kanta. Yaya ya jira kamar tsawon raka'a biyu. Sannan ya ce wa ɗan dakon, da Ibo, ya mayar da kayan tasha.

Anaca suka nufa, inda wani abokin mahaifinsa ya ba su rumfar da ake ajiye busasshen kifi. A nan ta haihu. Yaron ya kwana biyar, sanyi ya kama shi, ya koma kafin a raɗa masa suna. Na je ta'aziyya. Yaya ya karɓi gaisuwata cikakkiya, ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni kasuwa. Matarsa ta amsa daga bayan labule da kalma ɗaya. Tsakanin mutum da matar yayansa wasa ne da tsokana, kowa ya sani. Kafin wannan rana ba ta taɓa ganina ba ta ce mini marowaci ba. Daga ranar ba ta sake ba.

Daga Anaca suka wuce Fatakwal. Yaya ya yi makarantar boko har sakandare, kansa kuma na ja a lissafi, sai dillalan shanu suka sa shi rubuta awo a mayankar Trans-Amadi. Lokacin nan ne harkar man fetur ta buɗe. Kamfanoni suka cika unguwar, bango a jikin bango da mayanka. Ɗaya daga cikinsu, mai ajiye mai a tankuna, ya ɗauke shi yana huda katin da injin kwamfutarsu ke karantawa. Suka ga abin da ke kansa, suka tura shi ƙasar waje ya koyo rubuta wa kwamfuta umarni. Ya dawo da jaka ɗaya da tari, ya ce abincinsu babu yaji. A zamanin kwamfutar kamfanin ta cika ɗaki guda, an sa mata na'urar sanyi, ma'aikata kuwa suna gumi a waje. Mahauta suna ce masa Malamin Inji.

Sauran labarin aikinsa ban san shi ba sai a zaman makoki. Tsohon nan ɗan Ikwere ne ya matso kusa da ni bayan mun dawo daga maƙabarta. Bai san ko ni wane ne ba. Muka yi magana da Turancin buroka, ga abin da ya ce.

Shi mai gadin famfo ne a kamfanin. Wata rana wani tanki ya cika ya tumbatsa, mai ya malala har cikin kwata. Bututu biyu ne suka buɗe a kan tanki ɗaya lokaci guda, abin da kwamfutar ba ta taɓa bari ya faru ba. Manya suka ce tunda inji ba ya kuskure, to mai gadi ne ya murɗa famfo da hannu. Aka rubuta masa takardar kora, ga shi da 'ya'ya biyar.

"Oga ya zo ya same ni a bakin get," in ji tsohon. "Ya ce, ka taɓa famfon? Na ce wallahi, kamar yadda kuke cewa, ban taɓa ba. Ya ce to kada ka sa hannu a takardar tukuna."

Yaya ya buga duk umarnin da ke cikin injin a takarda, ya shimfiɗa a ƙasan ofis, ya cire takalmi yana bi layi-layi da fensir. Ya yi kwanaki a haka. A cikin injin ayyuka biyu ne ke gudana tare, kowanne da bututun da yake kula da shi. Don kada su haɗu a tanki ɗaya, an yi musu alama da ake kira tuta: wuri ne ɗan ƙarami a ƙwaƙwalwar injin, ko dai sifili ko ɗaya. Sifili, babu kowa. Ɗaya, akwai mai aiki. Kowane aiki zai duba tutar, in ya ga sifili sai ya mayar da ita ɗaya, sannan ya buɗe famfo. Sau dubu nawa aka yi haka lafiya. Amma dubawa taki ɗaya ne, ɗagawa wani taki ne dabam. A ranar, aiki na farko ya duba ya ga babu kowa. Kafin ya ɗaga tutar, a ɗan tsakanin da bai kai ƙiftawar ido ba, na biyu ya duba, shi ma ya ga babu kowa.

"Ya fito ba takalmi," in ji tsohon. "Ya kama kafaɗata ya ce, ba ruwanka, mutum biyu ne suka tambayi Baffa. Na ce, Oga, wane ne kuma Baffa?"

Wanda ya rubuta wannan sashe na umarnin Yaya ne da kansa. Babu wanda zai gano in ya yi shiru. Ya shiga wurin babban manaja ya ce, "Ba shi ba ne, ni ne." Aka yaga takardar kora. Shi kuma ƙarin girman da ake shirin yi masa aka ba wani, bai sake samunsa ba sai bayan shekaru. Gyaran kuwa layi ɗaya ne. Ashe injin yana da umarni guda da ke duba tuta ya ɗaga ta a motsi ɗaya, ba a iya raba shi biyu, babu aikin da ke iya kutsawa tsakani. Ka ɗaga, shi kuma ya gaya maka yadda ya same ta. In a sauke ya same ta, wurin naka ne. In a ɗage ya same ta, wani ya riga ka, sai ka jira ka sake gwadawa.

Tsohon ya share ido da bayan hannu. "A ranar ya ba ni labarin wani shago a Inugu, shi da ƙaninsa. Kai ka san ƙanin?"

Na ce, "Ni ne."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To ya ce shigar ba laifin kowa ba ce."

"Shigar," na ce.

"Haka ya ce. Shigar."

Na yi yawo a duniya gwargwado, fatauci ya kai ni wurare, kuma tun daga ranar nake tuno yadda kowace al'umma ke cewa nan akwai mai shi. A zangon Kumasi zane ake ratayawa a ƙofar wurin wanka. 'Yan Ibo ɗanyen ganyen kwakwar manja suke ɗaurawa a fili, wanda ya gani ba ya ƙetarawa. A jirgin ƙasan Sudan na ga direba ba ya shiga layin da babu na biyunsa sai an miƙo masa wani ƙarfe daga tasha, ƙarfen kuma ɗaya ne tak. Faransawan Duwala lamba suke ba ka a takarda. Mu kuwa tambaya muke yi, a amsa mana, mu yi godiya, mu tafi mu ɗauko iyali. Ladabinmu yana da kyau, ban ga wanda ya fi shi ba a duk inda na je. Amma tsakanin tambayar da kamawar akwai fili, kuma a wannan filin ɗan Yaya ya mutu.

Daga lokacin tankin ne Yaya ya fara buga ƙusa. Ya tara tsofaffin kwabbai masu huji da aka daina karɓa, duk inda mutane da yawa ke hankoron abu ɗaya sai ya buga ƙusa ya rataya guda. Wanda ya cire, nasa ne. Wanda ya tarar da ƙusa babu komai, ya jira. Ba a tambaya, ba a cewa na riga ka gani. Maganarsa kullum ita ce, "Duba ka ɗauka, hannu ɗaya."

Mahauta suka ba ni labarin tasu ƙusar a rana ta biyu, suna dariya suna share hawaye. A mayanka ƙugiyar sikeli ɗaya ce a lokacin, an sha zare wuƙa a kanta. Yaya ya buga ƙusa a ginshiƙi. Kowa ya bi, sai sarkin fawa na wancan zamani, Allah Ya jiƙansa.

"Yanzu ni ma sai na ɗauki kwabo kamar yaron shago?"

"Ranka ya daɗe, ƙusar ba ta san sarki ba. Ni na san ka, ita ba ta san ka ba."

"To cire ta ka buga wadda ta san ni."

"In na buga wadda ta san ka, gobe ƙaninka zai so ta san shi."

Suka yi wata guda ba sa ga-maciji. Daga baya sarkin fawa ya sauko, har ya fi kowa tsare dokar. Sai wata Juma'a ya gama awo ya jefa kwabon a aljihu ya tafi masallaci, daga can ya wuce ɗaurin aure a Diobu. Mahauta suka yi cirko-cirko, nama a kafaɗa, sikeli babu kowa, kuma babu mai taɓawa. Yaya ya hau okada ya bi shi har wurin ɗaurin auren, ya tsuguna a gefensa ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, kasuwa ce a aljihunka." Daga nan ya ƙara doka ta biyu, wadda ya fi tsanantawa a kanta: "Wanda ya ɗaga, shi ke saukewa." Ya kan ƙara da cewa ka ɗauka, ka yi abin da ya kai ka, ka mayar, hira a waje.

Akwai ƙusarsa a jikin makarar masallacin Hausawa a Anaca. Akwai a ƙofar ɗakin baƙi na unguwarsu. Akwai a ɗakinsa, don shi mutum ne da ba ya son a shigo masa yana karatu, kuma ba ya son ya ce wa kowa fita. Ba ya cin abinci sai ya ga an zuba wa mai gadi. Yana jin Ibo da Ikwere da Turanci, amma in ya yi fushi Hausar Kano yake komawa, a hankali, kalma-kalma. Bai taɓa cewa inji ya yi kuskure ba. Cewa yake, "Abin da aka gaya masa ya yi. Wa ya gaya masa?"

Ni kuwa ga abin da na sani da idona. Duk Babbar Salla, washegari, sai ya hau mota ya zo Inugu. Ya tsaya a bakin shagon Asata. In ce, "Yaya, bismilla, shigo." Ya ce, "Nan ma ya isa." A kawo masa kujera a baranda. Mu gaisa: ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, yaya kasuwa, yaya mutanen Fatakwal, madalla. Mu sake zagayowa. In gaisuwa ta ƙare sai ya yi shiru, ya ɗora hannu a gwiwa, ya dube ni kamar tsawon raka'a biyu. Sannan ya ce, "To, bari in kama hanya." Na ɗauka horo yake yi mini. Na ce a raina, babba ya rufe magana, ba ƙarami ne zai tono ta ba. Shekara hamsin ina kiran wannan ladabi.

A rana ta uku, bayan an yi addu'a an raba waina, 'yarsa ta same ni a ƙarshen rumfa. Ta durƙusa.

"Baba Ƙarami, ana so a kwashe kayan ɗakin. Tun shekaranjiya babu wanda ya shiga."

"Me ya hana?"

"Kwabon yana wurinka."

Na sa hannu a aljihu, ga shi nan. Kwana uku mata suna zuwa su dubi ƙusa su koma. Kunya ta rufe ni. Don in ɓoye ta na ce, "Ke da kike aikin zamani, har yanzu ana wannan tutar ta babanki?"

Ta ce ana yi. Ta ce yanzu aiki ɗaya ake rarrabawa gida-gida, kowane kashi ana kiransa zare, su yi ta gudu tare a cikin wayar da ke hannuna. Duk inda zare biyu za su taɓa abu ɗaya, sai an sa musu mai tsaron ƙofa, mafi ƙanƙanta a cikin masu tsaron kuwa ita ce tutar nan. Abu biyu kawai ta iya: duba-ka-ɗaga, da saukewa.

"To wanda ya tarar an ɗaga fa?"

"Ba ya fasa ƙofa. Yana komawa ya sake dubawa, ya sake dubawa. In mai riƙe da ita ya manta bai sauke ba, haka ɗayan zai yi ta zagayowa, injin ya yi zafi, ka ɗauka aiki yake, alhali jira yake." Ta sunkuyar da kai. "Na taɓa tambayarsa me yake zuwa yi Inugu duk shekara tunda ba ya shiga. Ya ce, dubawa nake zuwa yi."

Ta ci gaba.

"Na ce masa, Baba, ka ce masa ka yafe, a huta. Ya ce in ya ce ya yafe wa wanda bai nema ba, ya tuhume shi ke nan a gaban iyalinsa. Ya ce maganar tana hannunka, ba zai fizge ta ba. Sai da ya ga lokaci ya ƙure ya ce in ba ka kwabon. Ya ce nasa ɓangaren ke nan, za ka gane." Ta ɗago. "Amma Baba Ƙarami, ba shi kaɗai ya tsaya a ruwan nan ba."

Na tashi. Na ce a yi mini iso wurin Hajiya, matar Yaya. Tana cikin takaba a ɗakinta, mata sun kewaye ta. Na tsuguna a bakin labule, gwiwata tana ƙara. Na fara gaisuwa, ina gajiya, yaya haƙuri, sai na ji na kama hanyar da na saba, na tsaya.

Na ce, "Hajiya, ranar da kuka zo Asata ana ruwa, ni ya kamata in fita. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Ban fita ba. Abin da ya samu yaron a Anaca, da hannuna a ciki. Ki yafe mini."

Sannan ta yi magana, muryarta a dushe.

"Kwanansa Allah ne Ya ƙidaya, wannan na sani. Amma da a ɗaki ya cika, ba a cikin warin kifi ba." Ta numfasa. "Yayanka ya sauke nasa tun ba mu bar Anaca ba. Ni ce ban sauke ba. Duk shekara in ya dawo daga Inugu sai in ce, ya faɗa? Ya ce, tukuna. In ce to ni ma tukuna."

"Ga shi na faɗa, a makare."

"A makare ƙwarai. Wanda ya fi son ya ji ba ya nan." Na ji ta tana jan hanci. "Na yafe. Duniya da lahira na yafe. Tashi, kada gwiwar ta ƙarasa, a ce ni na karya ka."

Na yunƙura zan tashi, sai ta ƙara cewa, "Kai kuma har yanzu halin na nan. Tun daga Inugu ka taso, ko ƙullin okpa ɗaya, alalar gurjiyar nan tasu, ba ka riƙo mini ba. Marowaci."

Wata tsohuwa a ɗakin ta yi dariya, ta toshe baki, sai ta fashe da kuka. Ni ma ban san wanne nake yi ba.

Na je ƙofar Yaya na ciro kwabon daga aljihu, na rataye shi a ƙusarsa. Bai gama lilo ba wata jikarsa, matar aure, ta zo da tsintsiya. Ba ta tambayi kowa ba. Ta duba, ta cire, ta ɗaga labule ta shiga.

Ya Allah, bawanka ya tsaya a ƙofata shekara hamsin bai ɗaga murya ba. Kada Ka tsayar da shi a taka. Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da ɗansa da bai samu suna ba, Ka ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri. Mu da muka rage, abin da muke riƙe da shi na mutane, Ka ba mu ikon saukewa tun masu jira suna da rai. Amin.